Ranar da Kawuna Ya Tari Ɓarayin Shanu

Shagon ɗinkina yana bakin kasuwar shanu ta garinmu, can hanyar Doguwa, shekarar da aka yi artabun da har yau ake ba da labarinsa. A kan idona aka yi shi.

Ranar kasuwa ce, bayan azahar. Wani Bafulatani maƙwabcinmu ya gane bijiminsa da aka sace a hannun wasu baƙi uku. Ya ruga ya faɗa wa kawuna, shugaban 'yan sintiri. Kawu ya sha ɗamara, ya rataya layu, ya taho da mutum huɗu da bindigar toka biyu.

Aka yi cirko-cirko a ƙofar shagona. Kawu ya daka tsawa: "Ku ajiye makamai!"

Babban cikin baƙin ya ce, "Wane makami, baba?" yana zaro bindiga ƙirar gida daga cikin riga.

Harbi uku aka yi. Na kawu ya fasa ƙwaryar mai fura. Na ɓarawon ya huda kwanon rumfata. Bindiga ta uku, ta wani ɗan sintiri, ƙin tashi ta yi, sai da mai ita ya juya zai gudu ta tashi, ta babbake masa wando. Bijimin ne ya firgita, ya tsinke igiya, ya tunkuɗa babban ɓarawon cikin kwata. Sauran biyun mata masu tuyar awara suka tare da itacen murhu.

Ni ina ƙarƙashin keken ɗinki sai na ji mutum yana cusowa. Kawu ne.

"Matsa mini, ɗan nan," in ji shi. "Dabarar yaƙi ce."

Kafin magariba, a bakin mutane, ɓarayi sun zama goma. Bayan wata guda, a Kwanar Dangora, wani direba ya rantse mini arba'in ne, kuma harsashi ruwa yake zama a jikin kawu. Na ce ina wurin. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce hassada ba ta da kyau.

Daga baya kawu ya kawo mini rigarsa da ƙusar teburina ta yaga ranar artabun. Na zura zare ke nan ya riƙe hannuna.

"Bar ta haka. Daga Kiru ake zuwa ganin inda harsashi ya bi."

Na ninke masa ita, na raka shi bakin titi.