Mai Gwada Gas da Hanci

A shagon kayan ɗumama gida a birnin Kassel na Jamus, Wiebke mai kafa injuna tana kallon wani dattijo mai tumbi. Ya durƙusa gaban injin da ke aiki da gas ɗin furofen, yana shinshinarsa kamar karen kwastan. Da ganinsa, bai taɓa karanta takardar umarni ba.

"Ba ya yoyo," in ji shi. "Shekara talatin ina gasa nama da gas, hancina ya san shi. Da kaina zan kafa shi, gindin tagar ɗakin ƙarƙashin ƙasa."

Wiebke ta ce, "Yallaɓai, wannan gas ɗin ba kamar na gashi ba ne, ba shi da wari, kuma ƙasa yake gangarawa ya taru. Wa ke kwana a ɗakin?"

"Jikokina," in ji shi, ya sake kai hanci.