Ranar da Na Ƙone Irin Ayoyon Surukina

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa sun wuce, amma ranar da na ƙone irin ayoyon surukina ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Allah.

Bari in fara daga farko. Ni tela ne, haifaffen tsohon Zango, kuma har na yi aure ban taɓa riƙe fartanya ba. Matata 'yar Asokore Mampong ce. Mahaifinta, wanda kowa ke kira Baba, yana da lambu a bakin rafi, inda yake shuka ayoyo, ganyen da 'yan arewa ke kira lalo. Nasa ba irin na kasuwa ba ne. Ganyen ƙanana ne, miyarsa kuwa sai ka yanke yauƙin da yatsa. Kakansa ne ya zo da irin zamanin fataucin goro.

Al'adar unguwar ita ce, da ruwan farko ya sauka, mata su yi layi a ƙofar Baba, kowace ya zuba mata iri a tafin hannu. Wata ta shuka a bayan ɗaki, wata a fasasshen baho. Bayan 'yan makonni a yi yankan fari, wanda ba a kai shi kasuwa. Ranar kowane gida tuwon zafi ne, kwanuka suna ta ƙetare juna a lungu, ƙanshin daddawa har bakin titi. Ban ƙara cin tuwo mai daɗin na wannan lokaci ba.

A shekara ta biyu da aurenmu, wajen ƙarshen damina, ciwon gwiwa ya kwantar da Baba. Na ce bari in nuna ni ma ɗa ne. Ran Lahadi da safe na hau trotro, motar haya, na wuce lambun kai tsaye ban shiga gida ba. Ni mutum ne da ba na son ganin abu a hargitse. Na farko na cire ciyawa. Na biyu na gyara hanyar ruwa. Na uku na juya ga wani fangali a can ƙarshe, wanda tun isowata yake ɓata mini rai. Ayoyon cikinsa ya yi tsawo ya bushe, ganye ya zube, sai wasu baƙaƙen ƙwanso sirara. Na ce a raina, tsufa ne ya hana Baba share wannan. Na tuge shi duka, na tara, na sa ashana. Yana ci yana ƙas-ƙas, ni kuwa ina tsaye ina jin daɗin aikina.

Hayaƙin ne ya fito da surukata. Matar da ba ta taɓa ɗaga murya a gabana ba, sai ga ta da hannu a ka.

"Innalillahi! Ɗan nan, me ka ƙona?"

"Busasshen kara ne, Mma."

"Kara? Irin baɗi ne! Irin unguwa duka!"

Aka kai ni gaban Baba. Na durƙusa, na ƙi ɗaga kai. Yana murza gwiwarsa ya fara tambayata.

"Wa ya sa ka?"

"Ba kowa, Baba."

"Wa ka tambaya?"

"Ba kowa."

"To, sannu da aiki."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Matata ce ta gaya mini sauran: Baba ba ya ɓoye iri. Abin da ya tara bara ya rabar duka, don fangalin nan shi ne rumbunsa. In ba a samu wani ba, abin da aka riƙe tun daga kakansa ya ƙare a hannuna.

Washegari na rufe shago. Na rubuta gidajen da suke karɓar iri, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ashe labari ya riga ni. Wata ta ce, "Tela, an ce ka yi wa lambun Baba wanki. Ka haɗa da guga?" Wata ta kira abokan dariya daga maƙwabta su zo su ga mai wuta. Amsa dai ɗaya ce: sun yanke nasu sun cinye, tunda Baba yana nan.

A rana ta huɗu aka kwatanta mini wata tsohuwa mai koko, cikin masu karɓar irin, da ta koma wajen 'yarta a Manhyia. Na same ta tana wanke ƙullu.

"Ei, kai ne? Zauna. Faɗa mini da bakinka abin da ka yi."

Na faɗa, ban rage komai ba.

"Kai da ka san ba a yanka yadi sai an auna, ka shiga gonar mutum da ashana? Ba ka da hankali koraa, ko kaɗan."

Ta kai ni bayan banɗaki. A gefen magudana akwai tsiro biyu da ta manta da su, sun bushe da ƙwansonsu. Ta tsinke a hankali, ta ƙulle a tsumma. "Ba don kai ba," in ji ta, "don tsohon."

Irin bai cika cokali ba. Muka jira har ruwa ya dawo, kuma watannin nan ban ji daɗin komai ba. Ranar shuka Baba ya dogara sanda ya zo lambu. Ya tsoma ƙullin a ruwan zafi ya cire, na zaci ya kashe irin, sai ya ce haka ake tashe shi daga barci. Ya miƙo mini ya ce, "Hannun da ya ƙone shi ne zai shuka."

Kwana biyar ina zuwa kullum. A na shida na ga kore-kore a kan ƙasa kamar kan allura. Na zauna a wurin, hawaye suka zo mini.

Shekarar ba a raba iri ba, ba a yi yankan fari ba, ko ganye ɗaya ba a tsinka ba. Unguwa ta ci ayoyon kasuwa tana ambatona. Sai shekara ta gaba mata suka sake yin layi.

Baba ya rasu, an gina gidaje a kan lambun, rafin ya zama kwata. Irin yana nan a bahuna a gidaje kaɗan, har da nawa, kuma yanzu kowa yana barin tsiro ɗaya ya bushe. Abin da na koya shi ne, kyakkyawar niyya ba ta mai da jahili masani. In na shiga wurin mutum na ga abin da ya yi mini kama da shara, hannuna yana baya sai na ji daga bakin mai shi.