Shayin hawan jinin da aka kawo wa mahaifina daga Onitsha

Shekarun baya, ina makarantar koyon aikin lafiya a Enugu, muna zaune a Abakpa Nike, mahaifina ya ajiye ƙwayoyin hawan jininsa. Wani amininsa da ke saro kaya a babbar kasuwar Onitsha ne ya kawo masa shayi cikin kwali, har da takarda mai hoton likita. Takardar ta ce an gwada shayin, kuma a matsakaici jinin waɗanda suka sha ya sauka sosai.

Ni dama mutumin bai kwanta min ba. Yana da yawan fara'a, kuma duk zuwan da zai yi da sabon abu a jaka. Da na ga ya bar kwali uku, sai na ce a raina so yake ya mayar da Baba dillalinsa a masallacin unguwa.

A makon ne aka koya mana cewa matsakaici shi kaɗai ba ya isa. Dole a lissafa iyakoki biyu, ta ƙasa da ta sama, waɗanda ake kyautata zaton ainihin amsar tana tsakaninsu. Na duba ƙasan takardar, sai ga ƙananan rubutu: yawan waɗanda aka gwada, da yadda sakamakonsu ya sha bamban. Mutanen ko bas ɗaya ba za su cika ba.

Na yi lissafina da zafin rai, na kai wa malamarmu ina jin kaina kamar alƙaliya. Ta duba, ta zare tabarau ta ce, "Kin zalunci shayin nan. Kin manta ki raba bambancin da lambar da, in an ninka ta da kanta, za ta ba da yawan mutanen." Kunya ta kama ni. Ashe garin neman kama ɓarawo na tsallake layi guda.

Muka sake tare. Muka raba, muka ninka da biyu da ɗan ɗoriya saboda mutanen kaɗan ne, muka ɗebe daga matsakaicin, muka kuma ƙara masa. Tazarar ta ragu, amma duk da haka iyakar ƙasa tana ƙasa da sifili.

"To ƙarya ne ke nan," in ji ni.

"Ban faɗi haka ba. Mai yiwuwa yana sauke jini, mai yiwuwa ba ya yin komai, mai yiwuwa ma ya ɗan ɗaga shi. Gwajin nan bai isa ya raba gardama ba."

Baba albasa yake sayarwa, don haka ta nan na biyo masa. Na ce, "Baba, in an kawo maka tirelar albasa, ka buɗe buhu biyu, ɗaya mai kyau ƙwarai, ɗaya ya fara ruɓa, mai kaya ya ce a haɗe dai ba laifi, za ka saya?"

Ya ce, "Sai na ƙara buɗewa."

"To su ba su ƙara ba."

Sai ya ce in miƙo masa ƙwayoyinsa.

Ranar Juma'a aminin ya zo. Na durƙusa na gaishe shi, na shirya jin yadda zai kare kayansa. Da Baba ya yi masa bayanin buhunan, sai fara'ar ta gushe. Ya ce, "'Yata, ni ma fa wata biyu ke nan ban sha na asibiti ba." Kwalayen nan kyauta ya kawo su, don yana tsoron kada ciwon ya kayar masa da aboki.

Na ɗauko abin awon jini na ɗaura masa a hannu. Abin da na gani ya sa na ce Baba ya tare keke mai ƙafa uku yanzu. A asibiti suka riƙe shi kwana biyu, ya fito lafiya, ya koma kan maganinsa.

Har yau in aka nuna min matsakaici, sai na tambayi mutum nawa aka gwada, kuma ina iyakokin. Wannan zargin ban daina ba, ba kuma zan daina ba. Wanda nake jin kunyarsa shi ne ɗayan: na yanke wa dattijo hukunci saboda yana yawan murmushi, alhali a kwana biyun da ya yi a gadon asibiti, duk wanda ya je dubiya sai ya tambaye shi ko Baba yana shan maganinsa.