Sabuwar Taya a Gaba

Shekarar da aka haifa mini 'yar fari ina koyarwa a Mubi, muna jihar Gongola a lokacin. Ina da wani jan babur da nake ji da shi, sai dai tayoyinsa sun cinye, sun yi sumul kamar ƙwai. Ga damina ta kankama. Ga mahaifiyata, Inna, ta aiko daga Betso cewa ko ana ha-maza-ha-mata sai an raɗa sunan nan a gabanta. Na ce ni zan ɗauko ta da kaina.

Na shiga kasuwa wurin wani dattijo mutumin Michika mai sayar da taya. Ya dire mini guda biyu, ɗaya mai ƙananan zane ta kwalta, ɗaya mai manyan haƙora.

"Malam," in ji shi, "wannan mai haƙori zai yi maka kuka a kwalta, amma ba ya tsoron taɓo, kuma zai daɗe. Ka sa shi a baya."

Guda ɗaya aljihuna zai iya, na ɗauki mai haƙoran. Zaɓi kam na iya, wannan ba mai ƙwace mini. Amma a baya? Haba! Wa zai gan ta a can? Mu malaman makaranta na lokacin, sabon abu inda ido zai gani muke sa shi. Na ce wa mai faci ya ɗaura ta a gaba. Ya dube ni, ya dubi tayar, ya ce, "To, babur naka ne."

Na kwana a Betso, aka sha ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da asuba na goyo Inna, tana rungume da ƙwaryar man shanun mai jego. Muna isa wani mayo, wato rafi, tayar gaba ta haye abinta cikin isa. Ta baya, wadda ita ce mai turawa, ta tsaya tana juyi wuri ɗaya, tana yi wa sabon zanen Inna feshin taɓo. Na murɗa, na ƙara murɗawa, muka ƙara nutsewa.

Inna ta sauka, ta cire takalmi, ta ɗora ƙwaryarta a ka.

"Zauna da ƙarfenka," ta ce, ta kama hanya.

Sai da wasu manoma uku suka ciccibo ni, suna dariya da yarensu. Na cim mata can gaba, ta hau muka ci gaba.

Mun tarar an shafa fatiha, an raba goro, har an fara naɗe tabarmi. Inna ta wuce ɗaki da taɓonta, ta karɓi jaririyar, ta tambayi suna.

"Takwararki ce, Inna," in ji matata.

Ta daɗe tana kallon yarinyar. Sannan ta ce a hankali, "Na so in ji da kunnena."

Wallahi da marina ta yi, da ya fi mini sauƙi.