Mai Zaman Turmi

Ina koyar da ƙananan yara a wata lakwal, wato makarantar boko, a Ladjifarani, nan Parakou, kuma in an tashi da rana muryata ta riga ta dushe. An kai mu horo, an nuna mana yadda za mu koya wa yara faɗin abin da ke ransu, an raba mana hotunan fuskoki, mai murmushi da mai kuka. Na manna su a bango. Yaran sun ɓare mai kukan, sauran kuma gumin hannu ya cinye su. A irin wannan gajiya ce nake tuna kakata ta Djougou.

Wurinta aka bar ni lokacin da mahaifiyata ta tafi fatauci Malanville ta daɗe. Gidan cike yake da jikoki. In an idar da magariba, Kaka ta kan tura doya cikin garwashi, ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura don tsayuwar tuyar ƙosai, mu kuma mu kewaye ta. Tana da doka guda. Akwai wani tsohon turmi da aka kife a gefen murhu, duk wanda ya wuni da fushi shi zai hau. Ba a tsokanarsa, ba a ce masa ya yi haƙuri. Amma shi ke da ikon ƙarasa tatsuniyar ranar.

Ni kuwa na kusa mallake turmin nan. Rannan na yakushe ɗan kawuna Sabi'u saboda ya taɓa mini kwano, na hau na juya musu baya.

"Ga ta nan tafe, wa zai tare ta?" in ji Kaka.

"Mu ne," in ji yara.

Ta ce wani ɗan maraƙi ne aka kora uwarsa kasuwar shanu, ya wayi gari bai gan ta ba. Tun daga nan ya shiga tunkuri. Ya tunkuri akuya a bakin rijiya, ya zubar da ƙwaryar nono, har ɗan uwansa da ya zo lasarsa bai bari ba. Garke ya gaji, aka taru gindin kaɗanya don a san yadda za a yi da shi. Nan Kaka ta tsaya, ta juya doya.

"Ƙawata mai turmi, me aka yi da shi?"

"A kore shi daji," na ce. A raina Sabi'u nake kora.

"To, an kore shi," in ji ta, ko musu ba ta yi ba. "Ya kama hanya shi kaɗai. Sai wata tsohuwar saniya, ƙafafunta duk ciwo, ta yi tsaki ta miƙe ta bi bayansa. Ba ta ce masa komai ba. Inda ya kwanta, nan ta kwanta. Ta ƙare, a rufe wuta."

Na ji haushin saniyar nan, don ta ɓata mini hukunci. Ban lura ba cewa a shimfiɗar Kaka na kwana a ranar.

Bana akwai wata yarinya a ajina, Nafisa, mai cizo. Ubanta direban kamiyo ne, babbar motar kaya, uwar ta koma Nijar, ita kuma yarinyar tana zaune wurin gwaggonta a Zongo. Ta ciji yara har iyaye suka taso, shugabar makaranta, wadda yara ke kira Madam, ta ce in ta ƙara, ta tafi gida ke nan. Gaskiya da na ji haka sai na ji sauƙi a raina, don na gaji da rabon faɗa da ba iyaye haƙuri.

Ba ni da turmi, sai na kife bokiti. Ranar da ta kai wa wata haƙori na riƙe ta da kyar, na ɗora ta a kai, na ba su labarin maraƙin. Da na zo gindin kaɗanya na tambaye ta me aka yi da shi.

"A kore shi," ta ce, tana kallon ƙasa. "Ai Madam ta riga ta ce a kore shi."

Sai a nan na gane. Shekaru da yawa ina zaton Kaka daɗin baki take mana da ikon ƙarasa labari. Ashe sauraro take ta ji hukuncin da yaro ya yanke wa kansa. Maraƙin nan ni ce, kowa a bakin murhun ya sani, ban da ni. Nafisa ta fi ni wayo, ita ta san kanta.

Na ƙarasa musu da tsohuwar saniya. Da aka tashi na je ofis na ce wa shugaba a bar mini yarinyar, zan zaunar da ita kusa da ni, in ta yi cizo ni zan amsa.

"Malama, ke da kike kukan gajiya?" ta ce.

"Har yanzu ina yi," na ce.

Ta ce a gwada zuwa hutu. Ban san yadda za ta kaya ba, jiya ma shatin haƙoranta na kawo gida a hannuna. Da ina yarinya na ɗauka saniyar nan ƙarfi gare ta. Yanzu in na miƙe ƙafafuna da yamma, tsakin da ta yi kafin ta tashi shi nake tunawa.