Motar da Kawu Ya Roƙa da Bakinsa

Kawuna, yayan mahaifiyata, tabarau yake sayarwa. Shagonsa ɗan tsukut ne a ƙarƙashin wani bene, tsakanin mai gyaran agogo da mai labule, kuma a nan ya ci ƙuruciyarsa har furfura ta same shi. Aikinsa ke nan: ya zaunar da mutum, ya rufe masa ido ɗaya, ya nuna allon bango da sanda ya ce, "Karanta mini layin ƙasa." Tun da na yi wayo ban taɓa jin ya wuce inda kwalta ta ƙare ba. Ƙura kaɗan atishawa take sa shi, ƙadangare kuwa idan ya shigo shago mai labule ake kira ya kore shi. Duk da haka, ko'ina a layin nan, Keta-Daji ake ce masa, yana kuma amsawa da ƙarfinsa.

Mota ce ta jawo masa sunan. Shekarar da autarsa ta gama makaranta, wani ƙato ya zo sayen tabarau da takalma duk laka, ya faka wata doguwar motar shiga daji a ƙofar shago. Kawu ya gwada masa ido a gurguje, ya raka shi har bakin titi, ya tsaya yana kallon motar har ta sha kwana. Bai yi wata biyu ba ya shigo gida da irinta. Gidanmu na kallon nasa, don haka a kan idona aka yi mata ado. Aka ɗaura shebur a gefe, jarkoki a baya, tsani, fitilu a kan rufi kamar filin ƙwallo, har da wani bututu da ya miƙe ta gefen gilashi, wai don injin ya riƙa numfashi idan ana ƙetare kogi.

Matarsa, wadda muke kira Anti, ta zagaya motar sau ɗaya ta ce, "Baban yara, wane kogi ne tsakanin nan da shago?"

"Ai ba a sanin ranar da zai zo," in ji Kawu.

Ashe masu irin motar suna da ƙungiya. Duk ranar hutu suke haɗuwa a filin fakin na bayan wani babban kanti: Likitan Haƙori, Lauya, Mai Fenti da wasu irinsu, kowa da hular rana da wando mai aljihu barkatai. Sai kowa ya ɗora taya ɗaya a kan dakalin gefen titi don motar ta karkace, su tsaya suna hirar duwatsu da kwazazzabai. Mai Fenti yana da wani fili da ruwa ke kwanciya, nan suke bi a layi kafin taro don tayoyi su ɗan sami shaida. Kawu ya fi su iya magana, mutumin da ya shekara da shekaru yana shawo kan jama'a cewa firam mai tsada ya fi dacewa da fuskarsu, sai suka ba shi shugabanci.

Aƙidarsa ɗaya ce, kullum ita yake maimaitawa: motocin yanzu sun lalace da na'urori. "Mota ƙarfe ce da inji," yakan ce. "Direban gaske da kunnensa yake jin taya, da ƙugunsa yake jin ƙasa. Ba a ce mota tana yi wa namiji magana ba."

Ni kuwa na sha shiga motar. Kafin ya tayar sai ya danna maɓallin da kujera ke yi masa tausa a gadon baya. Esi kuwa har sai haƙoranka sun kaɗa. Ribas ba ya waiwaye, allon gaba yake kallo, motar na yi masa ƙara idan ya kusa bango. Akwai kuma wata murya mai ladabi da ke ce masa ya bi hagu, ya bi dama, har ƙofar shagon da ya fi shekara ashirin yana zuwa. Yana ma amsa mata. "To, na ji," yakan ce, "na gode."

Ana nan sai kamfanin da ke ƙera motar ya gayyaci masu ita wani zauren otal, wai yana son jin ta bakinsu: a sabuwar da za a fitar, na'urori nawa suke so a saka? Wata mata ce ta jagoranci zaman, mai sanyin murya, ba ta katse kowa. An ɗauki taron a bidiyo, daga baya duk mun kalla a waya. Likitan Haƙori ne ya fara ɗaga hannu, yana cewa shi dai da za a ɗan ƙara girman allon, sai Kawu ya miƙe tsaye.

"Baiwar Allah, ki gaya wa manyanki su cire komai! Allo, kyamara, kujera mai tausa, wannan matar da ke cikin rediyo tana koya wa mutane hanya, duk a kwashe. Idan kana tsakiyar daji waya ɗaya ta tsinke, wa zai cece ka? Ku ba mu sitiyari da giya da birki. Gilashi ma mu murɗa da hannu. Mu ba 'yan gata ba ne!"

Zauren ya ɗauki tafi. Likitan Haƙori ya sauke hannunsa a hankali, shi ma ya shiga tafin. Matar ta tambaya ko akwai mai wani ra'ayi daban, kowa ya kalli na kusa da shi.

Hausawa sun ce baki shi ke yanka wuya. Bayan 'yan makonni, ana tsakiyar taron ƙungiya, sai ga matar nan ta shigo filin, wani direba na biye da ita da wata mota ruwan toka, ko rediyo babu. Ta ce maganar shugaba ta ratsa su. Dama suna da wannan ta gwaji, ƙarfe zalla, suna roƙon ya riƙe ta wata guda ya gaya musu yadda ya ji ta, tasa kuwa za su tafi da ita su duba masa lafiyarta kyauta. 'Yan ƙungiya suka hau shewa suna bubbuga kafaɗarsa. Kawu ya miƙa makullinsa yana dariyar da iyakarta leɓe.

Daga filin zuwa gida motar ta mutu masa a kowace danja, don ƙafarsa ta hagu ta manta da kuloci tuntuni. Sitiyarin kamar ana murɗa wuyan sa. Ya iso jiƙe sharkaf, ya sa kan motar cikin gida, ya kashe, ya ce wa Anti, "Yau na tuƙa mota."

Washegari aka zo fita. Get ɗinsu matsattse ne, kuma da baya ake fitowa. Kawu ya kalli inda allo ya saba zama, ya ga ƙarfe. Ya yi ƙoƙarin waiwayawa, wuya ya ce bai san zancen ba. Ya saki kuloci, sai ji muka yi ƙauu, ginshiƙin get ya bar bamba da tabo. Ya leƙo ta taga ya kira Anti.

"Maman yara, ɗan tsaya mini a baya."

"In yi me?"

"In na kusa bango ki yi magana."

"Me zan ce?"

Ya rage murya. "Ki yi irin ƙarar nan da waccan take yi. Ita kunnena ya saba da ita."

Wallahi da idona na gani. Anti, mace mai jikoki, tsaye da ludayi a hannu tana "ƙit... ƙit... ƙit," tana ƙara sauri idan ya matso, in ya kusa gogawa ta ja "ƙiiiii" har ya taka birki. Kullum safe haka ake yi. Kafin mako ya zagayo maƙwabta sun san lokacin, masu shara ma sai su jingina tsintsiya su jira.

Sauran wahalhalun a hankali suka riƙa zuwa. Ya bar fitila a kunne ba abin da ya tuna masa, batir ya mutu, mai agogo da mai labule suka tura shi suna haki. Ya tashi zuwa gidan babbar 'yarsa ya ɓace, ya yi ta zagaye unguwa har ya tsaya tambayar wani dattijo, dattijon ya kare ido ya ce, "A'a, ba kai ne Keta-Daji ba?" Bayansa ya riƙe, har ya koma gwada wa mutane ido daga zaune. A mako na uku ya fara barin motar a gida yana hawa tasi daga bayan layi, hula a kife har gira. Rannan ya buɗe ƙofar tasi ya tarar da Lauya a ciki. Suka gaisa, kowa ya kalli tagarsa. Kawu ya ce yana hutar da injin ne, Lauya ya ce ai haka masana suke yi.

Sau ɗaya dai motar gwajin ta sauka daga kwalta ta taɓa ƙasa. An yi ruwa, ana gyaran titi, aka karkatar da motoci ta bayan kasuwa inda taɓo ya kwanta. Anti na gefensa, ita ta ba mu labari. Ta ce ya ƙanƙame sitiyari yana salati, idonsa rabi a rufe, motar kuwa ta ratsa kamar ba komai. A gabansu motar burodi ce, ita ma ta wuce lafiya. Ranar taro Kawu ya ba da labarin, ruwan ya kai ƙofa. Mako na gaba ya kai gilashi, kuma ba a sake jin motar burodi a cikin zancen ba.

Da wata ya cika matar kamfanin ta zo shago. Na je canza gilashin tabarauna, ina zaune a gefe, don haka komai a kunnena. Ta tambaye shi yaya ya ji motar.

"Mota kam ta yi," in ji Kawu. "Ni da a ce ni kaɗai ne, ko ƙusa ba za a ƙara ba. Sai dai kin san mai iyali. Ita maman yara zafi yana damunta, a mayar da esi saboda ita."

"To. Sai me?"

"Tana fama da baya. Kujerar nan mai tausa."

"Ta gefen fasinja ke nan?"

"A sa duka biyun, kada a ce an yi bambanci. Kyamarar baya ma, don tsayuwar nan ta safe tana wahalar da ita. Da muryar nan mai faɗin hanya, tana ɗebe mata kewa."

Matar ta gyara zama, ba ta yi dariya ba, abin da har yau nake jinjina mata a kai. Ta ce, "Baba, bayan taron otal na kira 'yan ƙungiyarku ɗaya bayan ɗaya. Matanku duk ciwon baya ke damunsu. Har Lauya, da na ji an ce bai taɓa aure ba."

Kawu ya ciro tabaransa ya goge, ya mayar, ya sake cirowa. Can ya matso da kujera ya ce, "'Yata, bari in gaya miki gaskiya. Ku saka komai, har abin da ba mu sani ba. Amma ku yi masa murfi. In mutum ya leƙo ta taga, ƙarfe kawai zai gani."

Bayan shekara sabuwar motar ta fito, da wani murfin ƙarfe mai manyan kusoshin ado da ke rufe allon ruf. Rabin 'yan ƙungiya suka saya. A filin taro murfin kowa a rufe, suna fita titi sai ka ji ƙwas, ƙwas, ana buɗewa. Kawu bai saya ba, ya ce tasa ta ishe shi. Ranar da aka dawo masa da ita ma bai fita ko'ina ba, a tsakar gida ya zauna cikinta, esi da tausa a kunne, ya yi barci har abincin rana ya huce.

Abin da bai yi tsammani ba daga Anti ya fito. Ta ce wata guda tana kallon mota ta baya, yanzu gaban take son gani. Ta shiga makarantar koyon tuƙi ba tare da ta nemi shawarar kowa ba, ta ci jarrabawa tashin farko. Ƙanwarta na da gona can bayan gari, hanyar duk rairayi da ramuka da wani ɗan rafi, shekaru tana son zuwa Kawu na cewa sai hanya ta bushe. Yanzu duk ƙarshen wata take ɗaukar makulli. Ba ta jin kunyar maɓalli ko ɗaya: na yashi ta danna, na taɓo ta danna, na gangara ta danna ta ɗage ƙafa motar ta sauka da kanta.

Na bi su sau ɗaya. Kawu na kujerar fasinja da hularsa ta rana, hannu biyu a kan mariƙin saman ƙofa. Da muka iso bakin rafin ya ce ko za mu tsaya a auna zurfin ruwan da sanda, haka ƙa'idar take.

"Allon ya riga ya auna," in ji Anti. "Ka ɗaga gilashinka, baban yara, kada ka jiƙe."

Ya danna maɓalli, gilashin ya hau, muka shiga ruwan.