Turaren Wutana Da Batirin Da Na Zare

Edita, ina gaisuwa. A shekarun da gwamnatin Birtaniya ta tsuke bakin aljihu, ni matar aure ce mai 'ya'ya biyu a Withington, cikin Manchester. An rage ma'aikata a kansul, wato ƙaramar hukumar da nake wa aiki, abin ya rutsa da ni, sai na koma zaman gida, maigida yana can asibiti yana aikinsa na likita. Duk takardun gida a hannuna suke, har da ta inshorar gidan da muka saya da kyar da jiɓin goshi, wadda ban taɓa zama na karanta ba. Abin alfaharina a lokacin guda ne, mace ba ta shiga gidana ta fita ba ta tambaye ni inda nake samun turaren wuta ba.

Abokiyar gabata ita ce na'urar nan da ke manne a silin ɗin sama, mai tsala ihu in ta ji hayaƙi. Ita ba ruwanta da bambancin gobara da sandal. Da na barbaɗa turare a garwashi sai ta fara, yara su toshe kunne, maƙwabciya ta leƙo. Rannan abin ya ishe ni, na taka kujera na zare batirinta na jefa a durowa, ban gaya wa kowa ba. Wata Juma'a da hantsi na kifa kabbasa a kan kasko, na shimfiɗa kayan maigida su sha turare, sai aka kira daga makaranta wai 'yata tana ta amai. Na zari mayafi na fita. Da na dawo motar 'yan kwana-kwana ce a ƙofarmu. Ɗakinmu ya ƙone ƙurmus, wutar ta taɓa rufi, ruwan kashe gobara ya gama da ƙasan gidan. Allah ya tsare, ba kowa a ciki.

Nan shaiɗan ya zo mini da shawara. Na ce a raina in ma'aikacin inshora ya zo zan ɗora wa wayar lantarki laifi, batiri kuma in ce ban san zancensa ba. Na kira yayata da ke Sparkhill a Birmingham, akanta ce, ina neman ta taya ni tsara maganar. Ta wanke ni tas. Ta ce masu binciken nan gane tushen wuta shi ne abincinsu, kuma a dokar ƙasar nan ƙarya guda a cikin neman diyya tana iya rushe komai, har sunana ya ɓaci a wurin sauran kamfanoni. Ta ce sakaci daban, yaudara daban, kada in mai da kaina mayaudariya da bakina. Ranar da ma'aikacin inshorar ya zo, a gaban maigida na faɗi komai, har na buɗe durowar na nuna masa. Kallon da maigida ya yi mini ban manta shi ba, kwana uku gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Kamfanin ya rubuto cewa ba zai biya ba, wai lokacin sayen inshora na ce musu akwai na'urar hayaƙi alhali ba ta aiki. Muna rakuɓe a wani ɗan gidan haya a Ardwick, ga shi ba mu da halin gyaran gidan, na yi kuka har na gode Allah, ina ganin gaskiyata ce ta cinye mana gida. Yayata ta sa na rubuta musu koke. Da suka tsaya a kan bakansu, ta nuna mini a ƙasan wasiƙarsu cewa akwai ofishi mai zaman kansa da ke raba gardama tsakanin kamfani da mai inshora, kyauta, muddin ka kai kuka cikin wata shida. Wallahi da ni kaɗai ce da ban ga layin ba.

Bayan watanni hukunci ya fito. Suka ce ranar da na sayi inshorar na'urar tana aiki, don haka amsata gaskiya ce, kuma babu inda takardar ta gindaya sharaɗin cewa sai na'urar ta ci gaba da aiki. Na yi ganganci, amma irinsa ake yi wa inshora. Aka umarci kamfanin ya gyara gidan. Na zauna a ƙasa ina ta hamdala.

'Yan'uwana mata, garwashi ba a ba shi baya ko na minti ɗaya, kuma ku karanta takardunku tun kafin ranar buƙata. In kamfani ya ce a'a, ba nan magana ta ƙare ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, rahoton 'yan kwana-kwana ya ambaci kaskon da na'urar marar batiri tun ranar farko, ban sani ba sai a cikin takardar hukuncin. Da na yi waccan ƙaryar, da yau 'ya'yana ba su da gida.